Farin Fenti a Ƙasar Babikir

A watan nan Babikir ya cika shekara tara a kabari. Tun da ya rasu ban taɓa rubuta ko layi ɗaya a kansa ba, domin duk sanda na zauna zan fara sai in hango mai karatu yana taɓe baki, yana cewa ji tsofaffi da furfurarsu, sun bar gida sun tafi ƙasa mai tsarki neman abinci, sun ƙare a wasan sojojin dalma a saman bene. To, haka ɗin ne, ba ƙarya aka yi mana ba. Bana na gaji da jin wannan kunyar, kamar yadda na gaji da abubuwa da yawa, kuma zamana a Jidda ya zo ƙarshe. Gara in faɗa tun ina iya hawa benen da ƙafata.

Babikir Bahaushen Sudan ne. Kakanninsa sun taso daga ƙasar Sakkwato a ƙafa da niyyar aikin hajji, suka yada zango a bakin kogin Nilu, zangon ya zama gida. Yakan ce shi ne ya zo ƙarasa musu tafiyar, sai dai da ya iso Jidda halin gidansu ya motsa, shi ma ya yada zango. Aikinsa faci da gyaran taya a wani gareji a Khumra, can kudancin gari inda babu komai sai ɗakunan ajiyar kaya da manyan motoci. Ni kuwa ɗan Funtuwa ne, kwantiragi ya kawo ni, ina auna jini a wani asibitin kuɗi. Ni ba likita ba ne, amma tun ranar da muka haɗu a ƙofar masallacin unguwarmu ta Bani Malik ya laƙaba mini Dakta, har yau iyalinsa ba su san ni da wani suna ba. Abin da ya ja ni gare shi a ranar shi ne na ji yana yi wa ɗansa Haisam faɗa da wata irin Hausa da rabona da ita tun kakata tana raye.

Sojojin da hannunsa ya ƙera su. Akwai ƙananan dalma da ake maƙalawa a jikin wilin mota don taya ta daidaita, in sun tsufa a ɓamɓare a yar. Su yake tsincewa a gareji, ya narka a gwangwani, ya zuba a wani mazubi da ya yi da farar ƙasa. Masu bindiga, masu mashi, mahaya dawaki, babu wanda ya kai tsawon ɗan yatsa. Da matarsa Hajja Batul ta ce ita fa ba za ta zauna da mutum-mutumi a gida mala'iku su daina shigowa ba, bai yi musu da ita ba, sai ya ɗauki magagari ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya goge fuskokin. Ya ce hakan ma ya fi, soja ba ya bukatar fuska, rawani ya ishe shi. Da launin rawani muke gane na wane ne wannan, na wane ne wancan.

Filin daga kuwa rufin gidan da yake haya ne, bene hawa uku. A daɓen sumunti ya zana duniya guda da fenti, shuɗi koguna, kore dazuzzuka, baƙi iyakoki. Babu Najeriya, babu Sudan, babu Nijar, domin ya ce in aka sa ƙasashen gaske za mu sauko ba ma gaisawa. Kowa ya ƙirƙiri tasa. Shi ya kama gindin tankin ruwa, inda inuwa take, ya raɗa mata Daular Ruwan Sanyi. Ni da na zo daga baya aka ba ni tsakiyar fili inda rana ke dukan ƙeya, na kira ta Jamhuriyar Tudun Rana. Isuhu, wani direba ɗan Maraɗi, ya sami gefen injinan sanyaya ɗaki masu feso zafi, ya ce tasa Ƙasar Iska ce. A lokacin da abin ke tashe mu bakwai ne, kowace ƙasa da sarkinta da tarihinta da tsohuwar gabarta. Ni da Babikir mun shafe shekaru muna yaƙi a kan wata rijiya da kakan sarkina ya haƙa, kakan nasa ya ƙwace. Rijiyar ba komai ba ce illa ramin da ruwan sama ke bi ya sauka, a garin da sai a shekara ba a ga ruwan ba.

Duk Juma'a bayan la'asar muke hawa, mu sauko da kiran magariba. In zan faɗi gaskiya, lokacin da muka ɓata muna gardamar dokokin wasan ya fi wanda muka yi muna wasan. Da farko da taƙi ake auna tafiyar soja, mai ƙafa taƙi ɗaya, mai doki uku. Sai da aka yi watanni Isuhu ya lura dawakin Ruwan Sanyi sun fi na kowa gudu, domin hannun Babikir hannun mai murɗa taya ne, taƙinsa ya kusa ninka nawa. Aka yi hayaniya har shayi ya huce. A ƙarshe aka yanko asuwaki guda, aka ce shi ne taƙin kowa. Da aka zo batun yadda za a san wanda ya yi nasara in runduna biyu sun haɗu, wani ya kawo ɗan ludo, wani ya ce shi bai yarda ba, abin ya yi kama da caca. Babikir ya tsotse dabino biyar, ya shafa wa ƙwallayen jan fenti a gefe guda, ya ce a riƙa watsa su, wanda jansa ya fi yawa shi ya ci. Ban taɓa gane bambancin wannan da ɗan ludo ba, amma kowa ya sami natsuwa. Akwai kuma dokar da ta ce da zarar ladan ya buɗe baki yaƙi ya tsaya, kowa ya koma iyakarsa. Wannan doka ita ce garkuwar Babikir. In ya ga an matse shi sai ya tashi zuba shayi, ya ɗaga buta sama yana tsiyayawa a hankali, ya tambayi lafiyar mutanen gidanku ɗaya bayan ɗaya, har ladan ya cece shi. Ban taɓa cin babban birninsa ba ko sau ɗaya.

Doka ɗaya ce ba a yi gardama a kanta ba, ita ce kuma ta sa nake wannan rubutu. Wata shekara iƙamar Isuhu, wato takardar izinin zamansa a ƙasar, ta ƙare, kafilinsa da ke tsaya masa wajen sabunta ta yana ta yi masa gobe jibi, shi kuwa ya kulle kansa a ɗaki ba ya ko leƙa titi. Ya yi kusan wata biyu ba mu gan shi ba. A cikin wannan lokaci maƙwabcinsa a taswira ya ga banza ta faɗi, ya shiga Ƙasar Iska ya mamaye ta, mu kuma muna ta dariya. Ranar da takardun Isuhu suka fito, kai tsaye saman benen ya nufo da farar jallabiya da ledar lemo a hannu. Ya tsaya ya dubi inda ƙasarsa take, ya ga rawunan wani. Ya ajiye lemon, ya zauna a kan bulo kamar mutumin da ya dawo daga tafiya ya tarar an sauya kwaɗon ƙofarsa. Babikir ya durƙusa ya kwashe sojojin mamayar da hannunsa, ya miƙa wa mai su, ya ce, “Daga yau ƙasar wanda ba ya nan ba a taɓa ta. Halas, magana ta ƙare.” Kashegari ya sayo farin fenti. Duk wanda ya ɓace, sai a zagaye ƙasarsa da farin layi, babu sojan da zai tsallaka har mai ita ya dawo a kankare.

A garin da kowa yake zaune da izinin wani, ba sai an yi wa mutum bayanin daɗin wannan doka ba. Ka san ko me ya same ka a waje, akwai wani ɗan fili a saman wani bene da ke jiranka yadda ka bar shi.

Sai dai Jidda ba ta riƙe baƙo har abada. Ɗaya ya tafi da abin da ake kira khuruj niha'i, wato fita ta ƙarshe wadda ba a dawowa, aka zagaye tasa. Wani kamfaninsu ya rufe, aka zagaye. Isuhu kansa ya koma Maraɗi da ciwon baya, aka sake zagaye Ƙasar Iska, wannan karon ba a kankare ba. Muna ji muna gani duniyar ta riƙa tsukewa, har ya rage daga ni sai Babikir, sai Haisam da ya girma aka yanka masa wata 'yar ƙasa a bakin ƙofar matakala. Na taɓa ce wa Babikir in aka ci gaba a haka wata rana za mu rasa inda za mu taka. Ya ce, “Ya zol, bari su dawo tukuna.” Haka mutanen Sudan ke kiran aboki, ya zol, kuma in ya kira ka da shi to maganar ta ƙare.

Babikir ya yanke jiki ya faɗi ne a gareji da hantsi, yana tsaka da kwance taya, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Bayan la'asar muka kai shi makwancinsa. Wanda bai san maƙabartun nan ba, ba a rubuta suna, ba a kafa allo, ɗan dutse ne kawai a kai da ƙafa. Na koma ziyara bayan 'yan watanni na kasa tantance nasa a cikin na mutane, na tsaya daga gefe na yi wa kowa addu'a. Juma'ar da ta biyo bayan rasuwar ni na hau da gwangwanin fenti na zagaye Daular Ruwan Sanyi. A duk faɗin Jidda nan ne kaɗai wurin da zan nuna in ce nan na Babikir ne.

Shekara tara ke nan ni da Haisam muna fafatawa a wani ɗan tsiri tsakanin ƙasata da tasa, faɗinsa bai wuce dardumar salla ba. Na san duk dabarunsa, ya san duk nawa. Sau da yawa muna jera sojojin ne kawai, mu sha shayi, mu kwashe. Gwiwoyina ma sun daina son durƙuso.

Nakan tambayi kaina me Babikir zai ce da ya ga garin yanzu. Daga saman benen ana hango fili fetal a inda gidaje suke cunkushe a da, har da na mai shayin da muke sayen na'ana'a a wurinsa. Balad, tsohon garin da yake zuwa neman fenti mai araha, an gyare shi tas, baƙi na yawo suna ɗaukar hoton tagogin katako. Mata na tuƙa mota, abinci na zuwa ƙofa ta waya. Ina jin duk wannan kafaɗa zai ɗaga ya ce ai duniya ta masu rai ce. Abin da zai tsaya masa a rai shi ne littafin da Haisam ya hau da shi shekara uku da suka wuce. Haisam yanzu magidanci ne, yana gyaran waya a wani shago, kuma ya gano ta intanet cewa ashe ba mu kaɗai ne mahaukata ba, a wasu ƙasashe akwai tsofaffi irinmu da ke wannan wasa, har sun rubuta dokoki. Ya bugo guda a takarda, da kaurinsa, a ciki har tsoron soja ana aunawa. Na san Babikir, da zai yi wa littafin dariya a gabanmu, daga baya ya sa a karanta masa shi kaf, ya tsamo abin da zai amfani dawakinsa.

Ba littafin kaɗai Haisam ya zo da shi ba. Yana da abokai biyu da ke son shiga, ɗaya haifaffen Jidda irinsa, ɗaya kuma Kabiru, wani injiniya ɗan Kano da bai daɗe da zuwa ba. Suka hau suka tsaya a bakin matakala suna kallon daɓen da fari ya cinye. Haisam ya ce, “Ya Baffa, ma fi makan, babu wuri wallah. A ina za su zauna? Mu goge farin nan, mu zaɓi sabuwar doka.” Na ce masa a ɗauki duk dokar da yake so daga littafinsa, ban da wannan. Ya sake tuntuɓata bayan shekara, na sake ƙi. Abokan suka zo sau biyu sau uku suna kallo daga tsaye, suka daina zuwa.

Bana asibitinmu ya sanar da ni ba za a sabunta kwantiragina ba, shekaru sun ja. Ban yi mamaki ba, ban ma ji haushi sosai ba, jikina ya riga su faɗa mini. Bayan babbar salla zan tafi, fita ta ƙarshe. Da na gaya wa Haisam ya dubi daɓen, ya ce, “Yani in ka tafi, taka ma fari. Saura ni kaɗai a bakin ƙofa. Da wa zan yi yaƙi, Baffa? Sai in kulle sutuh ɗin in ba mai gida makulli.” Sutuh shi ne rufin bene a bakinsu. Ba da fushi ya faɗa ba, lissafi ne kawai ya yi mini, kuma lissafin daidai ne. In na riƙe dokar Babikir, wasan Babikir ya mutu a hannuna. In na sake ta, wurin nan guda ɗaya da ya rage da sunansa ya zama filin kowa.

Muna cikin haka Hajja Batul ta hau da kwandon wanki, domin a nan take shanya. Muka gaisa, na kawar da kai, amma ashe ta ji komai daga matakala. Tana ɗaure igiya ta ce, “Ya Dakta, ni shekara tara ina taka ƙasar nan ina shanya a kanta, mai ita bai taɓa cewa komai ba. Don Isuhu ya yi dokar nan, don mai dawowa. Abu Haisam zai dawo ne?” Ta ci gaba da shanyarta. Na san amsar tun ranar da na zuba masa ƙasa, kawai ban taɓa yarda wani ya tambaye ni ba.

Juma'ar da ta biyo baya aka kira abokan biyu, muka zauna mu huɗu zaɓen dokoki. Kabiru yana fassara littafin, ni ina faɗin na da daga ka. An yi gardama, kuma na ji daɗinta, rabona da irinta tun Babikir na raye. Suka so awon tef, na ce asuwaki yana nan. Suka so ɗan ludo na cikin waya, na ce ƙwallayen dabino suna nan. Kiran salla yana nan, sojoji ba fuska suna nan. Daga littafin na yarda da dokar tsoro, wadda ta ce in sarkin yaƙi ya faɗi rundunarsa ta watse, domin na ga hakan a rayuwa. Da aka zo kan farin layi kowa ya juyo yana kallona. Na ce a kankare, amma da sharaɗi ɗaya. Ruwan Sanyi ba za a raba ta a zaune kamar kayan gado ba, sai an ci ta da yaƙi, Haisam ya riƙe ta, ni in kawo hari.

Muka fito da rundunar Babikir daga gwangwanin halawar da take ciki, rawunansu ja sun ɗan koɗe. A cikinsu akwai sarkin yaƙinsa, soja na farko da ya fara ƙerawa, ƙafarsa ɗaya ta gaza, sai an tokare shi da tsinken ashana yake tsayuwa. Tun da aka fara wasan nan ba a taɓa kwantar da shi ba. Na ɗauki asuwaki na auna taƙin farko a kan tabon farin fentin. Haisam ya ɓoye dawakinsa a bayan tanki yadda ya ga babansa yana yi, amma ya yi gaggawa, ya sako su tun masu bindigata ba su gama wucewa ba. Na rufe su ta gefen rijiya. Kafin rana ta yi ja na isa gindin tanki, daga ni sai sarkin yaƙin da 'yan masu mashi. Na dubi butar shayi, ina fata yaron nan ya tashi ya fara tsiyayawa, ya tambaye ni lafiyar mutanen Funtuwa. Bai san wannan ba, ba a rubuta ta a ko'ina ba. Ya watsa ƙwallayensa, ja biyu. Na watsa nawa, ja huɗu.

Haisam ya ce, “Kwantar da shi, Baffa. Kai ka ci, kai za ka kwantar.”

Na zare tsinken ashanar, na kwantar da shi a gefensa na dama. Sai a lokacin ladan ya kira magariba. Ban yi kuka a maƙabarta ba, mutane sun yi yawa kuma akwai ɗawainiya a kaina. A gindin tankin nan na yi shi, a gaban samari uku da suka rasa inda za su sa idonsu, ina riƙe da tsinken ashana.

Da zan auna abin da ya rage na Babikir, ba shi da yawa a ido. Bai bar gida ba, bai bar fili ba, garejin ma an mai da shi ɗakin ajiya. Ƙasarsa da na tsare shekara tara ni na ci ta da hannuna, kuma makon jiya Haisam ya ƙwace rabinta. Amma yanzu duk Juma'a akwai takalma huɗu a bakin matakala, ana jin hayaniya daga titi, Hajja Batul ta koma ƙorafin ana tattaka mata shanya. Ɗan Jiddan nan da Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba ya iya cewa “ban yarda ba, a sake aunawa” babu gargada. Allah Ya ji ƙan Babikir, Ya sanyaya makwancinsa, Ya sa can ta fi masa inuwar tanki.

Na ba Kabiru rundunata da gwangwaninta, ba zan kai dalma Funtuwa ba. Da muke saukowa Haisam ya tsaya a matakala, ya nuna ragowar farin fentin da ke kan taga, ya ce, “Taka fa, Baffa? In ka tafi mu zagaye, ko wata ɗaya?” Na ce masa ya zubar da fentin. Juma'ar farko bayan jirgina ya tashi ya kawo wa Tudun Rana hari, kuma ya biyo ta gefen rijiya, nan babansa ya saba shigowa.